Ɗigon Fentin Injiniya Leƙa-Taga

Allah mai yawan kyauta Ya ba garinmu Tanga teku da kwakwa, Ya ba mu zafin da ke sa mutum sayen fanka ko bai shirya ba. A kan wannan duka kuma Ya ƙara mana Bwana Kombo. Wasu garuruwan sai su tsufa suna roƙo ba su sami irinsa ba. Mu ko roƙon ma ba mu yi ba.

Injiniya ne. Ba sai ka tambaya ba, an rubuta a aljihun rigarsa da jan zare, kuma shi ya biya telan. Farar riga ce har gwiwa, irin ta likitoci, wadda tun da aka ɗinka ta maiƙo bai taɓa ganin ta ba. A ma'aikatar da kowa ke komawa gida da baƙin farce, wannan ba ƙaramar karama ba ce. Aljihun cike yake da biro kala-kala. A wuya kuma ya rataya mitar auna wuta, tana lilo bisa tumbi duk inda ya nufa. Mitar ba batir a cikinta. Mutum ne mai tausayin kayan aiki, ba ya son ta gaji.

Ma'aikatar ta wani dattijo ce, Mzee Nassoro, can bayan tashar jirgin ƙasa. Fankar silin muke haɗawa. Kayan na zuwa ta jirgin ruwa a warwatse, kowane a akwatinsa, mu ne ke mayar da su abu guda. Wani ya zaunar da boris, wani ya ja wayoyi, wasu su ɗaura fukafukai, ni kuma ina teburin dalma tun shekarar da na fita takaba. Aiki ne na ido da kunne da kan yatsa. Sai ka san wace waya ke bin wace, ka iya karanta zanen da aka aiko, ka ji kukan boris ka gane ko ya zauna ko ya karkace. Mutane kan yi shekaru kafin hannunsu ya faɗa. Bwana Kombo bai ɓata lokacinsa haka ba.

Da can mai tsaron sito ne, kuma tsakani da Allah ya iya, kwali bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai wata shekara Mzee Nassoro zai je China wurin masu aiko mana kaya, ƙafarsa na ciwo, yana neman mai ɗaukar masa jaka. Suka tafi. Can aka zaga da su wata babbar ma'aikata ta wani dogon baranda mai gilashi, suna leƙen masu aiki daga sama. Mzee Nassoro ya dawo da man shafawa na ƙafa. Bwana Kombo ya dawo da ilimi. Masu magana sun ce gani ya kori ji, shi a wurinsa gani ya kori har koyo. Tun daga nan ake kiran sa Injiniya Leƙa-Taga, a bayan idonsa. A gaban idonsa Bwana Injiniya ne, wato Yallaɓai Injiniya, kuma in ka manta zai tuna maka cikin ruwan sanyi, sau uku.

Da yake bakinsa na da zaƙi wurin masu saye, Mzee Nassoro ya bar shi yana zaga mu da sunan duba aiki. Wani da ya gode Allah ya zauna. Amma babban mutum ba ya rasa babban buri. Abu guda ya rage wa Bwana Kombo a duniya: ofishin manaja. Mai ofishin, Mzee Lukindo, ya tsufa, kunne ya fara nauyi, ya ce ƙarshen shekara zai koma gonar lemonsa a Muheza. Tun ranar da ya faɗi haka Bwana Kombo ya shiga kula da lafiyarsa. Kullum sai ya leƙa ya tambaye shi ko ciwon gwiwarsa ya ƙara tsanani, yana gaisuwa yana auna faɗin tagar da ido, saboda labule.

Don Mzee Nassoro ya san wanda ya cancanta, sai ya ƙirƙiro mana huɗubar safe. Kafin a kunna ko ƙwan wuta ɗaya, mu tsaya, shi ya hau akwatin katako.

"'Yan'uwana leburori," in ji shi, "wannan aiki namu ba na kowa da kowa ba ne. Yana son ilimin ƙarfe. Yana son ilimin wuta. Yana kuma son ilimin da ke tsakaninsu, wanda ya fi duka wuya, shi ya sa ba na yawan faɗar sa. A China, da idona na gani, mutum ba ya taɓa noti sai ya fahimci noti. Ku kuwa ɗaurawa kawai kuke yi. Ba laifinku ba ne. Ku hannu aka ba ku. Kai kuwa, alhamdu lillahi, an tanadar muku guda."

Sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da biro, don kada a yi kuskuren wane kan ake nufi. Mu ce amin mu watse.

Ilimin nan bai tsaya a baki ba, yakan sauko ƙasa jefi-jefi. Masu ɗaura fukafukai suna da wata sifana da ke cewa "ƙas" idan noti ya kai inda ake so, don kada a gaza, kada kuma a wuce. Wata safiya Bwana Kombo na wucewa ya ji ƙas a hannun Mhando, babban mai ɗaurin. Ya tsaya cak. Ya karɓa, ya jijjiga ta a kunne, ya girgiza kai.

"Ta karye daga ciki. Kuna ji tana kuka, ba wanda ya kawo rahoto. Wannan shi ne bambancin mai ido da makaho."

Ya bi tebur-tebur, duk sifanar da ta ce ƙas ya kama ta, kuma duka suka ce. Ya kulle su a kabad. Aiki ya tsaya har azahar, sai da Mzee Lukindo ya fito da sandarsa ya karɓi makulli. Da aka dawo da su Bwana Kombo bai ji komai ba. Ya ce dama hutar da su ya yi, a China kayan aiki ma suna da ranar hutu.

Wata rana kuma ya zo teburina zai nuna mini yadda ake riƙe kafasita, wannan ɗan baƙin abin da ke tayar da fanka. Ya ɗauki wadda aka gama gwadawa yanzu-yanzu, wuta na kwance a cikinta, ya kama ta ta bakin wayoyin da yatsu biyu. Ban san mai tumbi na iya tsalle haka ba. Ya kira mahaifiyarsa da sunan da ba a kiran ta da shi sai a gida. Biro suka watse. Da ya sauko, ya gyara wuyan riga, ya dube ni da ido jajur.

"Lafiyarta ƙalau, Mama. Ki wuce da ita. Haka ake gwajin a can, sai dai ba kowa ake bari ya yi ba."

Na ce Allah Ya ƙara basira. Ban yi ƙarya ba, addu'a ce.

To, akwai wata al'ada a aikinmu da ko sabon shiga ya sani. Fiffike kan fara hawa da noti a kwance, an murza shi da yatsa kawai don ya riƙe. Sai mai sifana ya zo ya ɗaure har ta ce ƙas. A nan take, ba kafin nan ba, ba kuma gobe ba, zai tsoma tsinke a fenti ruwan ɗorawa ya ɗiga a kan notin. Ɗigon nan rantsuwa ce. Ma'anarsa na ɗaure, in ya kwance a neme ni. Wanda ya ga ɗigo ba ya sake taɓawa, wanda bai gani ba ya san da sauran aiki. Ma'aikata guda na tafiya a kan wannan ɗan ɗigo kamar yadda kasuwa ke tafiya a kan mudu.

Bwana Kombo ma ya lura da ɗigon, don ba abin da ke wuce shi. Ya ga duk fankar da aka gama tana da shi. Sai ya fahimci cewa ɗigon ne ke gama fanka, kamar yadda kwalli ke gama kwalliya. Abin da kawai ke damun sa, yaran ba su da hannun ado.

Ana nan sai labari ya zo cewa Bi Mwantumu za ta zo. Shugabar wata makarantar kwana ce ta 'yan mata, tana son fanka a kowane aji da kowane ɗakin kwana. Rabon da mu ga ciniki irin wannan an daɗe. Mzee Nassoro ya kira Bwana Kombo a gaban kowa ya ce, "Kombo, kai za ka karɓi baƙuwar nan. In ta saya, sai mu zauna maganar ofis."

Daren nan ban san ko ya runtsa ba, amma washegari farar rigar ta sha sitaci har tana tsayuwa da kanta.

Ranar zuwan, aka share inda ba a taɓa sharewa ba. Aka aro tukwanen fure daga otal ɗin da ke kusa. Aka shimfiɗa tebur a tsakiyar zauren, da shayi mai citta da tulin mandazi, wato fanken garinmu. Fankoki na jere a kan dogon benci. Sahun gaba an ɗaure an ɗiga. Sahun baya an ɗora musu fukafukai da yatsa, suna jiran sifana bayan an ci abinci. Bwana Kombo ya tsaya ya ƙare musu kallo, hannu a baya. Na gaba da ɗigo, na baya ba ɗigo. Ransa ya ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma shi ya ga ana iya shafa masa hoda.

Tun rana ba ta kai tsaka ba ya kore mu cin abinci, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in mun gama ugali, tuwonmu na masara, da kifinmu kada mu shigo, mu jeru a bakin ƙofa mu tarbi baƙuwa. Ya ja ƙofar zaure ya rufe kansa a ciki.

Bi Mwantumu ta iso a motar makaranta. Doguwa ce, da tabarau a kan hanci, irin matan da in suka dube ka sai ka tuna laifin da ka yi kana aji uku. Muka gaishe ta, muka biyo ta ciki. Da shigarmu muka ga sahun baya ya sha fenti ruwan ɗorawa, kowane noti da ɗigonsa. Mhando ya dubi benci, ya dubi abokan aikinsa, ya matso a hankali.

"Bwana Injiniya, waɗancan na bayan fa..."

"Na gama su da hannuna," in ji Bwana Kombo, da ƙarfi, don baƙuwa ta ji. "Kuna can kuna fama da ƙayar kifi. Koma layi, Mhando. In manya na magana kunne ake kawowa."

Ga sifana nan a ajiye a kan benci, ga shi ya daɗe a ciki shi kaɗai. Addini ya ce a kyautata zato. Muka kyautata.

Ya zaga da ita. Ya nuna mata boris ya ce zuciyar fanka ce, ya nuna mata kafasita daga nesa. Ya ba ta labarin China tun daga filin jirgi. Ita dai tana tafe tana duba abubuwa ta saman tabarau, har ta tsaya a gaban benci ta tambayi ko ɗigon nan na mene ne.

Ai kamar ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi.

"Mama, kin yi tambayar masu ilimi. Wannan sa hannun injiniya ne. Shaida ce. Dubi na sahun gaba, na yarana, wani babba, wani ƙarami, wani ya zubo gefe, kamar kaji sun bi ta kai. Yanzu dubi na baya. Kin ga yadda suka yi daidai wa daida? Kowane ɗigo a sahun nan, hannun nan ne ya ɗiga shi. Ba wanda ya taya ni. Mzee Nassoro, ka shaida. Jama'a, ku shaida."

Muka shaida. Ya ɗaga hannun sama, ga fenti a yatsa.

Ya roƙe ta ta zaɓi ɗaya a gwada, ya kuma ja ta da dabara zuwa sahun baya. Ta nuna guda. Mu a kusurwa muke gwaji, cikin wani keji na waya. Bwana Kombo ya ce wannan na marasa tabbas ne. Ya sa aka kawo tsani aka rataya ta a ƙugiyar tsakiyar zaure, daidai saman teburin shayi, don baƙuwa ta sha iskar da za ta saya. Aka zaunar da ita, Mzee Nassoro a damanta, Mzee Lukindo a hagu. Aka zuba shayi. Injiniya ya tsaya a bakin makunni kamar direban jirgi.

Ya murza ɗaya. Fanka ta juya a hankali, iska ta sauko mai daɗi. Bi Mwantumu ta gyaɗa kai. Da a nan ya tsaya, Allah kaɗai Ya san wane launin labule ke tagar ofis yau.

Ya murza biyu. Aka fara jin ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Kin ji ko, Mama? Ƙarfi ne ke neman hanyar fita."

Ya murza uku. Fanka ta fara rausaya kamar mace a gidan biki. Mzee Nassoro ya ja kujerarsa baya ba tare da ya ajiye kofi ba. Mzee Lukindo bai ji komai ba, yana ta cin mandazi. Mhando ya bar layi ya nufi makunni yana cewa a kashe, a kashe. Bwana Kombo ya tare wurin da tumbinsa.

"Tsoro! Abin da ya hana Afirka ci gaba ke nan. Mama, yanzu za ki ga cikakken ikonta."

Ya tsallake huɗu ya kai ta biyar.

Noti na farko ya faɗo cikin kofin Bi Mwantumu, tsulum. Na biyu ya bugi faranti. Sai fiffike guda ya yi sallama da 'yan'uwansa. Ya ratsa zauren a kwance, ya aske kan tulin mandazi, ya wuce ta saman hular Mzee Lukindo, ya je ya kafe a cikin kwalayen da ke jikin bango yana karkarwa. Sauran biyun suka ci gaba da juyi a karkace, ƙugiya na kuka, ƙurar silin na zuba mana a ka. Kowa ya kama sunan Allah wanda ya fi kusa da bakinsa. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Injiniya kuwa, cikin ƙwarewa, ya shige ƙarƙashin tebur don ya duba matsalar daga ƙasa.

Mzee Lukindo ne ya tashi da sandarsa, ya taka zuwa bango, ya ja babban makunnin gidan duka. Zauren ya yi tsit. Wani mandazi ya gama gangarawa ya kwanta.

Bi Mwantumu ba ta gudu ba, gefe kawai ta matsa. Ta dawo, ta sa cokali ta tsamo notin daga shayinta, ta murza shi da yatsa. Fentin bai ko bushe ba. Ta sunkuya ta ɗaga gefen mayafin tebur.

"Baba, wannan ma hannunka ne?"

Daga ƙasa murya ta fito. "Mama, iskar Tanga gishiri gare ta, tana sassauta ƙarfe. A China..."

"Ƙarƙashin abin nan yara za su kwana," in ji ta. Ta saki mayafin ya rufe shi.

Ta yi wa Mzee Nassoro sallama cikin mutunci. Ta ce in ɗigon gidan nan ya dawo da ma'anarsa a aiko mata, ta sake zuwa ta gani. Ta goge yatsanta ta shiga mota.

Maganar ofis ba a zauna ta ba. Mzee Nassoro ya roƙi Mzee Lukindo ya ƙara haƙuri, lemo ba ya gudu. Sai dai an bar mu da aiki, don a rikicin an ture benci, sahun gaba da na baya sun cakuɗe, ba mai iya rantsuwa wane ɗigo ne na gaskiya. Dole a kankare duka, a sake ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya.

Mzee Nassoro ba ya korar mutum, wurin zama kawai yake sauya masa. Ya kira Bwana Kombo, ya damƙa masa sifana da tsinke da gwangwanin fenti, ya sa aka kai masa ɗan benci cikin kejin gwaji.

"Ka ɗaure, ka ɗiga, ka rataya, ka kai ta biyar," in ji shi. "Sannan ka zauna a ƙarƙashinta har in ce ta isa."

Bwana Kombo ya sanar da mu da yamma cewa an ɗaga shi zuwa Babban Jami'in Tabbatar da Inganci, muƙamin da ba a taɓa amince wa kowa da shi ba a tarihin ma'aikatar. Wannan gaskiya ne. Muka yi masa murna.

Yana nan har yau. Sifana in ta ce ƙas, sai ya sake ɗora ta don ya ji da kyau. Huɗubar safe ta tsaya, ba lokaci. Duk wanda ya shigo zai hango shi cikin keji, ya haɗa gwiwoyi, ido a sama, leɓe na motsi ba tsayawa. Na zauna da malamai, na yi makwabtaka da alhazai, amma ni dai ban taɓa ganin bawan Allah mai yawan zikiri irin Bwana Kombo ba.